Zanen Ruwa a Bangon Tumba

Ni magini ne, ban yi allo mai nisa ba,
karatuna a jikin bango yake.
In ka sauka Tungar Nomau, bi ta bayan ɗakin Tumba,
zan nuna maka da bakin cokalin gini.

Wannan zanen na ƙasa, daidai gwiwa,
shekarar da Kwara ta fara leƙo mu ke nan.
Bukkoki bakwai ne a lokacin, da doki guda,
dokin da ke zagaya injin matse rake
tun assalatu har ƙudan zuma su ƙoshi su tafi.
Nomau ya baro gungu da kwalekwalen aro,
dami biyu na irin rake, da mace mai tsohon ciki.
Ya dunƙula ƙasa, ya sansana,
ya ce baƙar ƙasa ba ta cin amana.
Sauran ƙwadago ya kawo su:
Zabarmawa masu sara, Dakarkari masu huɗa,
da wani Banufe da ya zo sarin mazarƙwaila
ya yi ta cewa gobe zai koma
har muka binne shi gindin giginya.

Na biyun, ga shi, daidai ƙirjina.
An datse ruwa can ƙasa, ya juyo yana neman wurin kwana.
Hukuma ta gina mana gidajen siminti a jere,
rufi kamar bayan kunkuru,
kowace ƙofa da lambarta.
Da bazara ta kama sai ka ce tanda.
Muka zuba awaki da albasa a ciki,
muka kwaɓa laka muka yi namu a gefe.
Har yau lamba sha huɗu
tinkiyar Arzika ce ke haihuwa cikinta.

Kada ka ce ba mu da komai.
Akwai famfo mai farantin rana,
Ige ke riƙe da makullinsa a bakin zane,
ba ta buɗewa sai an jera bokiti an daina faɗa.
Asibitin ɗaki ɗaya ne,
malamin yana zuwa Talata in hanya ta yarda,
sauran kwanaki jemagu ke duba junansu.
Turakun lantarki kuwa, goma sha ɗaya,
an kafa su shekarar da aka yaye Gado ɗana.
Gado ya yi gemu, waya ba ta iso ba.
Shamuwa dai ta gode.

Ɗaga kanka. A'a, sama da nan.
Wancan, wanda hannuna ba ya kai wa sai da tsani,
shekaran bara ne.
Dare ɗaya rake ya koma ciyawar ruwa,
kaskon dafa mazarƙwaila ya tafi yana juyi
kamar mai neman wanda zai yi wa sallama.
Muka kwana ashirin a ajin makaranta kan tudu,
allon bango na ce mana biyu da biyu huɗu.
Samari shida suka hau mota zuwa Yelwa,
biyu sun dawo.

Masu takarda sun zo, sun ce mu tashi mu hau tudu.
Tumba, 'yar cikin nan da aka shigo da shi a kwalekwale,
ta ce tudu ba ya shayar da rake,
ta ci gaba da tsince wakenta.

Bana ma ni na yaɓe mata ɗaki.
Gado na miƙo laka yana ƙunƙuni:
Baba, me zai hana bulo?
Na ce lakar daga bakin kogi muka ɗebo,
in ya zo ya karɓa, abinsa ya karɓa.
Gefe uku na shafe sumul.
Da na juyo bangon baya sai ta ɗaga sanda:
Bar min wannan, Maidamma.
Ka bar wuri kuma daga sama.